Ranar da Na Fi Yaya Habu Jifa

Wata Alhamis ce, sati biyu bayan ƙaramar salla, a shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Rogo. An tashi tara, mun watsu a filin ƙwallo, sai ga Malam Ado, malaminmu na wasanni, yana janye da wani dunƙulen ƙarfe da bai wuce girman ƙaramar gwanda ba, ɗaure da waya, da mariƙi a ƙarshenta. Ya ce sunan abin guduma, kuma jifa ake yi da ita. Wani maƙeri a bakin kasuwa ya ba wa ya haɗa masa, mariƙin ma hannun tsohon bokiti ne aka lanƙwasa. Ya zana da'ira da toka, ya kore mu can baya, ya wulwula ƙarfen sau biyu bisa kansa, sannan shi kansa ya shiga juyawa, ya saki. Abin ya tashi yana kuka, ya je ya faɗi tim, ya tona rami a tsakiyar fili. Muka ɗauki ihu. Yayana Habu bai yi ihu ba. Ya taka ya je ya ɗauko ta da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Wannan ce abar? Ai turmin Inna ya fi ta nauyi."

Shekara uku Yaya Habu ya ba ni, amma aji ɗaya muke, domin kiwon shanun noma ya riƙe shi kafin a sa shi boko. Gidanmu yana wani ƙauye a wajen Kafin Dafga, ƙasar Karaye, amma lokacin karatu a gidan Kawu muke zaune a Rogo. Ko'ina aka san shi da ƙarfi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai yake saɓa buhun gyaɗa ba tare da an ɗora masa ba. In bijimi ya ƙi tafiya a bakin garma, shi ake kira. Ranar gayya kuwa, kunyarsa ta kai gefen gona ya juyo kafin magidanta su yi rabi. Ni fa? Tsinke yake kira na, kuma gaskiyarsa. Tun ina ƙarami aikin da aka ga ya dace da ni shi ne tsaron tsuntsaye in dawa ta fara ido. Da sassafe Inna za ta ƙulla mini ɗumame a leda, in hau rumfar da aka kafa a tsakiyar gona da majajjawata da tulin dunƙulen busasshiyar ƙasa, in yini ina wulwulawa ina saki. Shekara biyar ko shida na yi ina wannan aiki, har ya zama ina iya bugun kan kara daga nesa. Ba wanda ya taɓa lissafa wannan a cikin aikin ƙarfi, har ni kaina.

A shekarar ne ciwon ƙafa ya zaunar da Baba. Da muka je hutu ya kira mu zaure, ya ce gona ba ta jiran kowa, kuma ba zai iya ajiye ƙarti biyu a boko ba. Ni takarduna suna kyau, don haka zan ci gaba. Habu kuwa, da yake karatu yana ba shi wuya, ƙarshen shekara zai dawo gida. Yaya ya sunkuyar da kai, ni kuwa na san yadda yake son makarantar nan. Shi ne mai wanke rigar makarantarsa tun kafin ta yi datti, ya sa ta ƙarƙashin tabarma don ta miƙe. Da Malam Ado ya ji labari, sai ya hau babur har ƙauyenmu. Ya gaya wa Baba cewa za a yi gasar makarantun yankinmu, wanda ya zo na ɗaya a jifan guduma za a tafi da shi Kano, kuma a can masu horarwa sukan zaɓi yaran da suka yi fice a mai da su makarantar kwana, a ci da su a sha da su. Baba ya ce, "To, in sun ɗauke shi, na bar musu. In ba su ɗauka ba, ga garma." Shi ke nan. Ƙofa ɗaya ta rage wa Yaya Habu, kuma gudumar nan ce.

Nan ne fa ya yi kuskuren da duk mutumin garinmu zai yi. A wurinmu in an ce ƙarfi, to ɗaukar kaya ake nufi. Sai ya ce bari ya ƙara. Duk ranar kasuwa yana tashar motoci yana lodin buhunan masara da gyaɗa, ba don lada ba, don dantse. A gida ya cika tsofaffin gwangwanaye biyu da siminti, ya soka itace a tsakani, yana ɗagawa har jijiyoyin wuyansa su fito raɗa-raɗa. Matar Kawu ta dinga dama masa fura mai kauri, Inna na aiko da ƙuli-ƙuli. Cikin wata uku ya zama ƙato na gaske, hannun rigarsa har ya yage. Amma in ya shiga da'ira sai ya lanƙwashe hannu, ya ƙanƙame gudumar a jikinsa, ya juya sau ɗaya da ƙyar, ya finciko ta da kafaɗa. Tana zuwa nesa, ba laifi, domin ƙarfin akwai shi. Malam Ado dai kullum yana kama kai. "Habu, hannu igiya ce kawai, sake shi! Ƙarfin yana cinya da ƙugu." Wani lokaci ya ce, "Ba nauyin da ka iya ɗagawa ake tambaya ba, saurin da ka iya fitar da shi ake tambaya." Yaya sai ya ce, "To, Malam," gobe kuma ya koma lodi. A ganinsa juye-juyen nan wasan yara ne, namiji ba ya buƙatarsu.

Ni aikina in ɗauko masa gudumar in ya jefa. Wata rana da la'asar, ya tafi shan ruwa, sai na shiga da'irar don wasa. Da na wulwula ta, sai jikina ya gane abin tun kafin kaina ya gane. Majajjawa ce, babba. In ka saki hannu ta yi nisa da kai, ka zauna kan cinyoyinka, kowane juyi ya fi na baya sauri, to ita ce za ta nemi tafiya da kanta. Na juya sau uku na saki, ta faɗi kusa da ramin da jifan Yaya ya tona. Malam Ado ya gani daga gindin darbejiya. Ya zo ya matsa cinyata, ya yi dariya, ya ce hawa da sauka rumfa da wulwula majajjawa sun yi mini abin da buhu bai yi wa Habu ba. Ya rubuta sunana na biyu, don kowace makaranta mutum biyu ake so. Da Yaya ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce a gaban 'yan ajinmu, "Ku riƙe Tsinke da kyau, kada gudumar ta tafi da shi." Kowa ya kwashe da dariya. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai, na kuma ajiye ta. Na san abin da yake yi ba daidai ba, na san yadda zan nuna masa da majajjawa a hannu, cikin harshen da zai gane. Ban nuna masa ba.

Ranar gasa makarantu suka cika filinmu, daga Karaye, daga ƙauyukan Rogo, masu sayar da rake da ƙanƙara sun jeru a bakin katanga. Jifa uku-uku aka ba kowa. Yaya ya yi nasa na farko, aka kafa tsinken alamarsa nesa da na kowa, jama'a suka yi ta sowa suna kiran sunansa. Na biyu da na uku bai ƙara komai ba, amma ba wanda ya kusance shi. Ni na farkona ya faɗi baya da nasa da kamar taku huɗu. Na biyu ƙafata ta fita daga da'ira, aka soke. Saura ɗaya. Na tsaya da mariƙin a hannu, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san komai. Na san abin da Baba ya faɗa a zaure. Na san ni ba na buƙatar Kano, kujerata a aji ba mai taɓa ta. Da na sassauta kaɗan, ba mahalukin da zai gane. Sai wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala, "Tsinke, a yi a hankali!" aka yi dariya. Na juya, na juya, na juya, na saki da duk abin da ke jikina. Gudumar ta wuce tsinken Yaya da taku ɗaya da ɗan wani abu.

Aka ɗaga ni sama. Daga can saman kafaɗun mutane na hango shi yana tsaye, hannayen nan manya sun sauka a gefensa. Da aka sauke ni ya zo, ya dafa kaina, ya ce, "Sannu, Sani." Ranar ce ya fara kiran sunana na yanka, kuma bai ƙara ce mini Tsinke ba har abada. Da yamma ya wanke rigar makarantarsa kamar yadda ya saba, ya shanya. Ni kuwa ko tuwo na kasa ci.

Na je Kano. Can na tarar da samarin da suka haɗa biyun, ga ƙarfin Yaya ga juyina, na zama ɗan kallo. Ko cikin goman farko ban shiga ba, ba wanda ya tambayi sunana. A motar dawowa, wajen Gwarzo, Malam Ado ya ce, kamar da kansa yake, "Kai ka kai iyakarka. Habu kuwa da ya samu wanda zai kwance masa hannu wata shida, da yaran nan sun ga abu." Ƙarshen shekara Yaya ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauye. Noman da ya yi ne ya ciyar da gidanmu, shi ne kuma ya kai ni har kwalejin horon malamai. Da rani yana lodi a kasuwanni, har bayansa ya gaji da shi.

Yau ni malamin wasanni ne, na kusa ritaya. Ina da littattafan da suka bayyana abin da Malam Ado ke faɗa da baki, na kuma koya wa yara da yawa yadda ake sakin hannu, 'ya'yan mutanen da ban sani ba. Filinmu na da an gina ajujuwa a rabinsa, yaran ƙauyenmu kuma da wuya ka ga mai majajjawa a cikinsu. Yaya Habu yana nan, bai kai sittin ba amma sai da sanda, buta cike da ruwa ma sai jikarsa ta kai masa bayan ɗaki. Bara da na je gaishe shi, muna zaune a ƙofar gida, na tattaro ƙarfin halin da na yi shekara talatin da wani abu ina nema, na ce, "Yaya, maganar gasar nan ta Rogo." Bai bari na ƙarasa ba. Fuskarsa ta washe, ya juya ga maƙwabcinsa da ke zaune tare da mu, ya ce, "Kai, ba ka ga jifa ba! Ƙanena ne ya tashi yankin nan kaf, ina tsaye a wurin." Ya yi ta ba shi labari da alfahari, har da nuna yadda na juya, da hannu ɗaya a kan sanda. Na zauna ina sauraro, maganar da na zo da ita ta maƙale, na kuma koma gida da ita. Da zagina ya yi, da na samu sauƙi.