Duba Ni, Yaya

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Bashir, ƙanen mahaifiyata, kuma a wannan watan ne muka bar tsohon gidanmu na unguwar Aziziyya a Jidda muka koma unguwar Safa. Abin da na fara lura da shi ranar da muka iso ba faɗin falon ba ne, ba kuma lif ɗin da ƙannena suke ta murna da shi ba. Mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, da aka ɗora kan ƙarafa biyu a bangon waje, daidai tagar kicin, a hawa na uku. Ɗaya daga cikin ƙarafan ya ɗan karkace. Umma ma ta gani. Ta ajiye kwalin kofunan da ke hannunta, ta nemo wani tsohon zani ta rufe tagar, tun kafin a kwance sauran kaya.

Ni ba mai yawan magana ba ce. A aji ma sai malama ta kira sunana sau biyu kafin in ɗaga murya. Shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Gyaran mukayyif ne sana'ar Kawu. Haifaffen Jidda ne kamar Umma, kuma a gidanmu yake zaune, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Umma ke ce mini Ummi, shi kuwa Mamana yake kirana. Yana da wani abu guda da duk dangi suka kasa gane kansa: tsalle daga jirgin sama da lema. Duk shekara idan ya sami ijaza, wato hutun aiki, sai ya yi tafiyar mako biyu zuwa ƙasar waje inda ake wannan wasa, ya dawo ya yi baƙi, ya rame, yana ta fara'a. Sauran watannin shekara kuwa ba shi da jirgi, ba shi da lema, sai wani dandali a intanet inda masu wannan tsalle daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna hira da Turanci.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Bayan la'asar idan ya dawo daga shugul, wato wurin aiki, nakan ɗauko 'yar kujerata in zauna gefen kwamfutarsa, shi yana karantawa yana mayar mini da Hausa. Na zaci mutanen da ke faɗowa daga sama za su riƙa maganar mutuwa da jarumta. Ashe ba haka ba ne. Akwai wani dattijo da Kawu ya laƙaba wa Mai Gwiwa, kullum kukansa gwiwarsa ta hagu, yana tambayar wane man shafawa ya fi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Uwar Kuliyoyi, wadda kyanwarta ta taɓa haihuwa a cikin jakar kayanta. Wani yana cigiyar safar hannu ɗaya da ta ɓace masa a jirgi. Wani yana neman shawarar yadda zai gaya wa matarsa cewa Asabar ɗin nan ma ba zai je gidan surukai ba. Sai kuma iska. Kwana uku suna iya yi suna zagin iska. Shi Kawu Mai Sanyi suke ce masa, don duk wanda na'urarsa ta lalace a gida shi yake tambaya.

Wata rana na ce, "Kawu, su ba sa jin tsoro ne?"

Ya ce, "Suna ji mana, Mamana. Shi ya sa suke maganar gwiwa."

A wurinsu ya koyo wata al'ada da ta shigo har cikin gidanmu. Ya ce jakar lema a baya ake goya ta, kuma wani ɗan lanƙwasasshen fil ne, bai kai ɗan yatsa ba, ke riƙe da bakinta. Idan fil ɗin bai zauna daidai ba, komai ya lalace. To mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Don haka kafin a hau jirgi, kowa sai ya juya wa na kusa da shi baya ya ce a duba shi. Wanda ya yi tsalle sau dubu yakan juya wa wanda ya fara jiya, ba girma, ba kunya. Kuma ba a ƙi. Ko kun yi faɗa da safe, idan ya juyo maka baya sai ka duba.

Kullum da safe kafin in tafi madrasa, Kawu zai tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ja maɗaurin jakata na hagu, ya ja na dama, ya bi zif ɗin da yatsa, sannan ya buga kafaɗata sau biyu: "Halas, shi ke nan, Mamana. Yalla, a tafi." Daga nan sai ya juya wa Umma bayansa, da rigar aikinsa shuɗiya mai tabon mai, ya ce, "Duba ni, Yaya." Ita kuma ta ja tsaki ta ce, "Ƙato da kai, ba ka jin kunya," amma sai ta gyara masa wuyan riga, ta kaɗe ƙurar da babu ita, ta buga kafaɗarsa.

Ranar da abin ya faru, wajen karin kumallo ya faɗa cewa ijazarsa ta fito, zai sake tafiya. Umma ta daɗe tana roƙonsa ya bari, ya yi aure, ya zauna. Ranar ranta ya ɓaci sosai. Da muka zo ƙofa ya duba jakata kamar kullum, ya juya mata baya.

"Duba ni, Yaya."

"Je ka, 'yan'uwanka na cikin kwamfuta su duba ka."

"Haba Yaya, ba a ƙi fa."

"Yau na ƙi. Tunda ranka ba a bakin komai yake ba a wurinka, ni me zai sa in wahalar da hannuna?"

Ya yi dariya, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, ya sauka. Na lura wuyan rigarsa a naɗe yake ta baya. Na so in faɗa, kunya ta hana ni.

Kafin azahar aka bugo wa Abba waya. Kawu yana ɗaura na'ura a bangon wani gida, hawa na uku, shi kaɗai. Ya ɗaura bel ɗin tsaro, amma ƙugiyar da ke ta bayansa ba ta kama da kyau ba. Mutumin da ya faɗo daga cikin gajimare sau da yawa ya sauka da ƙafarsa, shi ne hawa uku ya zama ajalinsa. Tsautsayi ba a sa masa rana, kuma idan ajali ya yi kira, ko babu ciwo sai an je. Allah ya jiƙansa.

Kowa ya san ko da Umma ta duba shi a ƙofa, babu abin da zai canja, don bel ɗin a mota yake. Abba ya faɗa mata, malamai sun faɗa mata. Amma zuciya ba ta jin lissafin hankali. Tun daga ranar Umma ba ta sake kiran sunansa ba, sai dai ta ce "marigayi." Idan mai gyara ya zo gida, ɗaki take shiga ta rufe. Abin da ya fi damuna, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ne ta daina raka ni ƙofa. Daga kicin take cewa, "Allah ya kiyaye." Shekara biyar hannunta bai taɓa kafaɗata da safe ba. Na rasa Kawu gaba ɗaya, na kuma rasa rabin Umma.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da ya ga Safa da manyan kantunanta, na san bango zai fara kallo, ya ce wanda ya ɗaura na'urar kicin ɗinmu bai auna ba. Da ya ga na fi Umma tsawo, ina sa abaya, ina karanta Turanci ba tare da ya fassara mini ba, zai yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Amma da ya ga zanin da ke tagar, ban jin zai yi dariya.

Wajen kwashe kaya na tsinci littafinsa na tsalle, wanda suke rubuta kowane tsalle a ciki, abokin tafiya ya sa hannu. A bangon ciki ya rubuta adireshin dandalin. Ranar Alhamis da hantsi na roƙi Abba kwamfutarsa, na ajiye ƙamus a gefe, na shiga.

Wurin ya yi kama da kasuwar da ta fara watsewa. Yawancin mutane sun koma wasu shafuka, saura tsofaffin hannu. Amma Mai Gwiwa yana nan, yanzu gwiwar dama ce. Ana nan ana zagin iska. Na sami shafin da suka buɗe wa Kawu bayan wani abokinsa ya sanar da su. Duk shekara a watan da ya rasu, mutum huɗu ko biyar sukan dawo su rubuta gaisuwar da suke yi wa mamatansu, wato fatan sararin sama garau. Uwar Kuliyoyi ta rubuta cewa har yanzu duk wata tana wanke matatar na'urarta yadda ya koya mata. A ƙarƙashin wannan kuma wani ya tambayi ko akwai mai sayar da tsohon tabarau. Da farko abin ya ba ni haushi. Daga baya na gane haka zai fi so: a ambace shi a tsakiyar hira, kamar wanda ya fita sayen burodi.

Sai na nemi saƙonsa na ƙarshe. Na duba kwanan watan sau uku. Ranar ce. Ƙarfe tara saura na safe, daga kwamfutar shagonsu, bayan ya bar gida. Wani ne ya yi ƙorafin mahaifiyarsa ta dame shi da faɗa, Kawu ya ba shi amsa. Ga abin da ya ce, iya yadda na mayar da shi Hausa:

"Ka gode wa Allah. Ni ma yau yayata ta ƙi duba ni, wai tana fushi. Amma na ji idonta a bayana tun daga ƙofa har na sauka bene. Duk cikinku babu wanda ya taɓa duba ni kamar haka. Gobe za ta huce, zan kawo mata burodin tamis mai zafi."

Na tuna. Gaskiya ne. Ina tsaye a wurin, na ga Umma ta leƙa ta saman bene, ba ta rufe ƙofa ba sai da ƙarar takalminsa ta ɓace.

Bakina ba zai iya karanta mata ba. Na kwafe shi a takardar littafina, Turancin a sama, Hausar a ƙasa, da kwanan wata, na ajiye a ƙarƙashin fulas ɗin shayinta. Da na dawo, takardar ba ta nan. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai lura idonta ya kumbura, kuma ran Asabar ta aiki Abba ya sayo tamis, abin da ba a ci a gidanmu ba tun rasuwar.

Idan na auna abin da Kawu ya bari, ba shi da yawa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Akwatin kayan aikinsa an bayar, dandalin ma wata rana zai rufe, littafin tsallen zai tsufa a cikin durowata. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Ni abin da na koya a wurinsa shi ne wane rabin ake nufi: rabin da ke baya, wanda idonka ba ya kaiwa. Bai koya mini rashin tsoro ba. Ya koya mini cewa ba abin kunya ba ne mutum ya juya baya ya ce a duba shi, kuma mai fushi da kai ma yana iya kasancewa shi ne ya fi kowa duba ka.

Jiya da safe na shirya, na goya jakata. Da na wuce kicin na ga an cire zanin tagar, an ninke shi a kan kujera, haske ya shigo har bakin murhu. Umma tana wanke kofuna. Ta ce, "Allah ya kiyaye, Ummi," kamar kullum, ba ta waiwayo ba.

Ban tafi ba. Na matsa kusa da ita har ina jin ƙanshin sabulun hannunta, na juya mata baya.

Na ce, "Umma, don Allah ki duba ni."