Kwamfuta a Cikin Buhun Masara

Ina gyaran rumbu a Ƙarfi aka buga mini waya. Malamin ɗana ne na jami'a, daga Zariya. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce binciken marigayi yana cikin kwamfutarsa da ke gida, in na kawo za su duba ko zai fita da sunansa. Na ce masa zan kawo. Tsakanin Funtuwa da Zariya aka tare motar da ɗana yake ciki, a nan ya rasu, kuma tun ranar ban sake bin hanyar ba.

Mun tashi bayan sallar asuba ni da ƙanena. Na naɗe kwamfutar a zanen mahaifiyar marigayin, na cusa ta tsakiyar buhun masara, don ko an tare mu a ɗauka hatsi ne kawai. A tashar Malumfashi aka ce kuɗin buhun ya kusa na mutum. Ƙanena ya ce to a ba shi kujera mana. Direba kaɗai ya yi dariya. A Bakori muka sayi ƙosai, nawa ya huce a hannuna.

Da muka wuce Funtuwa hira ta mutu. Kowa ya zuba ido ga motocin da ke tahowa, domin in suka ɗauke, akwai abu a gaba. Can kuwa suka ɗauke. Direba ya gangara gefe ya kashe mota. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, ba a ganin komai. Wata tsohuwa tana salati a hankali. Sai da wata tirela ta ɓullo, direbanta ya ɗaga mana hannu, muka ci gaba. Ban tambayi wurin da abin ya faru ba. Na san dai mun wuce shi.

A ofishin malamin muka kwance buhu. Ya kunna kwamfutar, ya nuna mini wani hoto mai ja da shuɗi.

"Baba, ka san farin layin nan da ke ratsa sama in babu wata? Tarin taurari ne, mu ma cikinsa muke. A tsakiyarsa akwai iska mai gudu. Ja tana nisantar mu, shuɗiya tana tahowa. Ɗanka yana neman dalilin da ya sa wata iskar ba ta zagayawa daidai, sai ta karkata ta faɗa ciki."

"Za ta iso mu, Malam?"

"Ko kusa, Baba."

Na bar masa masarar. Muka juyo da rana tsaka, muka iso gida kafin la'asar, lafiya lau.

Shekara uku ina ce wa yaron nan ya bar kallon sama ya nemi aiki, ban taɓa tambayarsa abin da yake gani ba. Sai da na je Zariya na ji daga bakin wani. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko ya gama. Na faɗa mata yadda malamin ya faɗa mini: babi huɗu sun cika, na biyar bai fara rubutawa ba.