Gatarin Kurege a Gindin Dutsen Gwoza

Maiduguri

Ana idar da sallar asuba muka bar Bulumkutu a keke-napep zuwa tashar mota, ni da surukata da muke kira Mama. Tun da rikici ya koro su daga ƙauyensu na gindin dutsen Gwoza ba ta sake komawa ba. Matata na da tsohon ciki, sai rakiya ta faɗo kaina. Ni kuwa murna nake yi, don ɗaukar hoton furannin daji ya zame mini jaraba, ga shi damina ta kankama.

Bama

Sai da hantsi sojoji suka buɗe hanya. Kowane shinge mu sauka mu taka da ƙafa. Direban motarmu ya hango kyamarata ya ce, "Malam, tura ta jaka, kar ka ja mana." A Bama na sayo ƙosai. Mama ta riƙe nata har ya huce.

Ƙauyen

Bayan azahar wani ɗan'uwanta ya kai mu daga Pulka. Ciyawa ta cinye ko'ina, sai guntayen bango. A cikin wani kango na hango shi: fure ja mai bakin rawaya, ya lanƙwashe sama kamar harshen wuta, ya naɗe wani ƙonannen itace. Na tsallake bango na durƙusa ina ta ɗauka.

"Mama, ɗan matsa, inuwarki na tare mini haske. Ko kin san sunansa?"

Ta matsa. Sannan ta amsa.

"Gatarin kurege Hausawa ke ce masa. Guba ne. Duk damina nakan tuge shi saboda yara da awaki." Ta nuna inda gwiwata take. "Nan ne ƙofar ɗakina. A nan suka harbe baban matarka."

Na miƙe, na rasa inda zan ajiye ƙafa. Na ce, "Mama, ki yafe mini."

"Ba ka sani ba, ɗana. Ɗauki bangon ma, ka kai wa matarka."

Na ɗauka, amma hoton bai fita ba.

Komawa

A Pulka muka kwana, aka kawo tuwon dawa na kasa ci. Washegari da la'asar muka iso gida lafiya, mun gode Allah. Matata ta tare mu a zaure tana tambaya, "Ya ya rako ki, Mama?"

"Ya kula da ni ƙwarai," in ji ta.

Na sunkuyar da kai na shige da jakarta ciki.