Ƙarar da ta Kusa Korar Malam Iliya

Har yau ban manta da safiyar da aka kawo mana motar Alhaji Nasiru ba. Da damina ne, ina shugaban sashen inji a garejinmu na Mile 3 a Fatakwal. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, shugaban sashe ne ke yanke hukuncin a kwance inji ko a bar shi, kuma shi ake tuhuma idan hukuncin ya ɓaci.

Alhaji Nasiru falken shanu ne, yana sauke tireloli daga Arewa yana sayar wa mahauta. Motar kuwa ta tsere ce, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, injinta a bayan kujeru. Tare suka zo da direbansa, Malam Iliya, dattijon da ya daɗe yana kula da motocin gidan.

"Injiniya, idan ta yi zafi na taka ta, sai ka ji kat-kat-kat kamar ana saran ƙashi a mahauta," in ji Alhaji. "Kuma na san dalili. Wannan tsohon ya zuba mata man 'yan bumburutu, irin wanda ake dafawa a daji."

"Ranka ya daɗe, a gidan mai na saya," in ji Malam Iliya, kansa a sunkuye.

"Haka ka ce. Injiniya, ka kwance injin. In ka ga ɓarnar mai, tirelar da ta kawo shanu za ta koma da shi garinsu."

Na ce masa ba zan kwance ba tukuna. Injin irin wannan mota idan aka buɗe shi, da wuya ya koma yadda yake. Sannan duk injin da aka buɗe, ba a rasa abin nunawa a cikinsa. Na san ko ɗan baƙin hayaƙi na gani a kan fistin, a kan Malam Iliya zai sauka.

Na bi ƙa'ida. Na jona na'urar gwaji, ba ta nuna matsala ba. Na tsiyaye baƙin mai na tace shi da farin ƙyalle, babu garin ƙarfe. Fulogi tsaf suke. Na zuƙo fetur daga tanki, launinsa da warinsa daidai. Da motar ta yi zafi, na sa Malam Iliya ya riƙe totur, na ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, mariƙinsa a kunnena. Cikin injin lafiya lau yake bugawa, amma ƙarar tana nan a wani wuri kusa. Takan zo idan aka taka zuwa wani mataki, ta ɓace idan aka wuce shi. Injin da mai ya lalata ba ya yin haka.

Duk da haka na tuhumi kaina. Ko dai tausayin dattijon ne ya shiga kunnena? Washegari na sake gwajin daga farko, kamar ban taɓa ganin motar ba. Sakamakon bai canza ba.

Alhaji ya bugo waya. "An ce ka yi jami'a. Can ma sauraro kawai aka koya muku?"

"Alhaji, akwai wanda ya taɓa sa hannu wajen injin nan?"

"Babu. Ka kwance kawai."

"Ka ƙara mini haƙuri zuwa la'asar."

Muka ɗora ta a kan rami, tana kunne. Na shiga ƙasa da tocila da safar hannu mai kauri, ina dafa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Da na dafa siririn farantin da ke kare zafin salansa, ƙarar ta ɗauke. Na saki, ta dawo. Na haska bayansa, sai ga laya ɗaure da waya. Zafi ya cinye fatarta ta gefe guda, ɗan zoben ƙarfen da aka ɗinke a ciki ya fito, shi ke bugun farantin.

Ban taɓa ta ba, ban kuma nuna wa kowa ba, domin a wurinmu ba a tallar irin wannan abu. Da Alhaji ya iso, na roƙe shi ya sauko ramin shi kaɗai. Ya daɗe yana kallon inda na haska.

"Hajiyarmu ce ta aiko da ita daga gida," in ji shi a hankali. "Ni na ɗaura da hannuna ranar da na sayi motar."

"Ai na tambaye ka, Alhaji."

"Gyara ka tambaye ni. Wannan ai ba gyara ba ne."

Na ce masa ba ni da ta cewa a kan layar, sai dai a nisanta ta da wuta. Da motar ta huce, ya kwance ta da kansa ya sa a aljihu. Muka tayar, ta yi zafi, aka taka, shiru. Bai ba Malam Iliya haƙuri ba. Makulli ya miƙa masa, ya ce, "Baba Iliya, ka kai ta gida. A hankali, ka san ba ta son ramukan unguwar Diobu."

Ku da kuke tasowa a wannan aiki, ku sani sau da yawa mai mota yakan zo da wanda ya ɗora wa laifi, hujja kawai yake nema a hannunku. Tun daga ranar ba na ɗaukar sifana sai na tambayi kaina wanda zai kwana ba aiki idan na yi gaggawa.