Bos ɗin da Na Yi wa Zanen Gado

Kafin injin buga hoto ya shigo kowane lungu, ni nake zana fostar wani gidan kallo a Haɗejiya. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce da benci-benci da talabijin biyu da wani janareta mai yawan tari. Amma in ka ga mai gidan yana taku a bakin ƙofa, sai ka rantse shi ya kawo silima ƙasar nan. Ni asalin sana'ata rubutun allon shaguna ce da na bayan motocin lodi. Fosta ƙari ce, a kan buhun fulawa nake yin ta, in farke buhun in ɗaure a jikin katako in shafe shi da farin fenti.

Dokar mai gidan uku ce, kuma ba ta canzawa: wuta, bindiga, da fuskar da za ta sa mai keke ya taka birki. Na taɓa tambayarsa, "To in babu wuta a fim ɗin fa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai aka tambaya? Sa wuta."

Ba ya bari in kalli fim kafin in zana shi. Talla kawai yake nuna mini, wannan ɗan guntu na minti biyu da ake sawa a farkon faifai, inda mota take tashi sama, gilashi ya tarwatse, wani ƙato ya diro daga bene, wata murya mai kauri tana faɗin abin da ba mu ji. Hujjarsa ita ce bakina ba ya riƙe magana, kuma ba zan yi masa musu ba. Na taɓa faɗa a teburin mai shayi cewa akta zai mutu a ƙarshe, ranar nan mutum bakwai suka shiga kallo, biyu daga cikinsu inuwa suka zo sha. Tun daga nan sai talla. Ita kuwa talla, kowa ya san halinta, irin na mai kwandon tumatir ne da ke jera manya a sama.

A wannan shekarar ne na ga yarinyar da nake so in aura. Mahaifinta dillali ne a kasuwar kifi, tsohon masunci, kakanninsa daga gabas suka zo, wajen Tafkin Chadi. Mutum ne mai jiki, mai sanƙo da ɗan farin gemu, da zanen gado dogaye a kumatu biyu da guda ɗaya da ya sauko daga goshi zuwa karan hanci. Ba ya dariya a kasuwa. Baffannina biyu suka je suka durƙusa suka nema mini, ya saurare su har suka gama, ya ce su dawo Juma'a ta sama, zai yi bincike. Wato kwana goma sha huɗu aka ba ni in zama mutumin kirki. Na daina zama a teburin mai shayi, na koma sahun gaba a masallaci, har fentin da ke ƙarƙashin farcena na kankare da kananzir.

Ana cikin haka sai mai gidan kallo ya dawo daga Kano da sabon faifai yana washe baki. Fim ɗin faɗa ne a kan ruwa. Ya ce, "Garin masunta, ga fim ɗin jirage. Mai fenti, wannan karon in ka yi mini wasa mun ɓata."

Ya kunna mini tallar sau uku. Ga bos nan tsaye a kan jirgi mai inji, baƙin mutum ne, dattijo mai ƙiba da sanƙo, ya riƙe bindiga kamar tabarya, bayansa teku na ci da wuta. A kuncinsa na hagu akwai tabon wuƙa guda uku, dogaye. Shi aka fi nunawa a tallar, don haka shi na sa a tsakiyar buhu, na tura akta gefe.

Na gama da hantsi, na ja da baya ina dubawa, sai na ji wani abu yana damuna. Zane a kunci ɗaya, ɗayan fayau. Ni da na tashi a garin nan, idona bai saba da haka ba, sai na ga kamar wanzami ne ya fara aiki aka kira shi gida. Na ɗauki burushi na ƙara uku a dama. Da na ga na hagun sun karkace, na miƙar da su. Sai kuma na ga akwai sauran fili a kumatun, mutumin da faɗin fuska, na ƙara bibbiyu. Goshin ya yi mini fili da yawa, na ja masa guda ɗaya zuwa hanci. Sannan na sa ɗan fari a gemu don ya fito a kan wutar. Wallahi har yau ina rantsuwa ba wanda ke raina a lokacin. Abin da na ji kawai shi ne yanzu fuskar ta zauna, ta zama ta mutum.

Mai gidan ya zo ya duba wutar, ya duba bindigar, ya ce madalla. Aka rataye fostar a mararrabar da ke shiga kasuwar kifi, aka ɗaura lasifika a kusa tana sakin ƙarar harbin da ke cikin tallar.

Kafin azahar hanya ta toshe. Na hango cincirindon daga nesa, raina ya yi fari, na ce yau na yi aikin da za a daɗe ana magana. Na kutsa ciki don in ji yabo da kunnena. Wata dattijuwa mai sayar da bandar kifi ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo Allah, dillali! Yaushe ya shiga wannan sana'a?"

Na sake ɗaga kai na dubi fostar da kyau. Shi ne. Ba kama ba ce, shi ne da kansa, tsaye a kan jirgi da bindiga, yana harare ni.

Na ruga wurin mai gidan na ce a sauke. Ya ce in sake faɗa ya ji. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da maganar Juma'a. Ya saurare ni da tausayi sosai, ya dafa kafaɗata, sannan ya sa aka ƙara ɗaga fostar sama aka ɗaure da waya. Kwana uku rumfar nan ba masaka tsinke. Har daga Kaugama da Malam Madori mutane suka riƙa tsayawa in sun kawo kaya, wai a nuna musu fim ɗin da dillalin Haɗejiya ya fito. A kasuwa kuwa abokan cinikinsa sun samu abin yi. Mutum zai zo ya gaishe shi da ladabi, a yi cinikin tarwaɗa lafiya lau, sai zai tafi ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ina ake ajiye bindigar?"

Babban baffana ya aiko aka kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Ka sa mun wanke riguna mun je mun durƙusa wa mutum, kai kuma ka bi bayanmu ka rataye shi a bakin titi. Mu muka yi maka laifi ko shi?"

Ita kuma yarinyar na tare ta a hanyar famfo. Ta ajiye bokiti ta ce, "Sannu da aiki. Har kunnen ka yi daidai."

Na ce, "Wallahi ba da niyya ba ne."

Ta ce, "Ni kake rantse wa? Baba bai ce komai ba, kuma shi ne abin tsoron. In ya yi faɗa, an gama. In ya yi shiru, to sai addu'a." Ta ɗauki bokitinta, amma na ga kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Ni dai tsoro ne ya cika ni, don ina son ta ƙwarai, kuma na ga da hannuna na rusa komai.

Ranar Alhamis bayan la'asar, saura kwana ɗaya, sai ga shi ya nufo gidan kallo cikin babbar riga. Mutumin da bai taɓa taka wurin ba. Samari suka dare, ya wuce ya zauna a bencin gaba ya harɗe hannu. Mai gidan ya rasa inda zai sa kansa, har kujerarsa ya kawo, dattijo ya ƙi. Ni kuma na raɓe a baya jikin kwano, na ce in ma mutuwa ce gara in ga ta inda za ta ɓullo. Ranar na fara kallon fim ɗin nima.

Ashe duk abin da bos ya yi na jarumtaka, shi ne wanda aka nuna a talla, ba ƙari. Sauran fim ɗin yana zaune ne a ɗaki yana cin abinci yana yi wa yaransa tsawa a waya. Can ƙarshe akta ya hau jirgin, ko naushi bai yi ba, tura shi kawai ya yi. Bos ya faɗa ruwa dab da gaɓa. Ya fara dukan ruwa da hannu biyu yana ihu a cece shi, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, ya tafi.

Rumfar cike take da masunta. Aka yi tsit. Sai wani can baya ya kasa riƙewa ya saki wani ɗan sauti ta hanci, shi ke nan wuri ya kece. Dattijo ya miƙe tsaye ya nuna talabijin da yatsa ya ce, "Ƙarya ne!" Ya juya ya fita.

A waje ya sa aka nemo ni. Na zo na tsuguna.

"Kai ne mai fentin?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kalli abin nan kafin ka zana ni?"

"A'a Baba, talla kawai ake nuna mini."

"Wato ka ɗauki fuskata ka ba mutumin da ba ka san halinsa ba." Ya gyara babbar rigarsa. "Bindigar ba ta dame ni ba. Kisan mutanen ma na san wasa ne. Amma ni, tun ban yi kaciya ba nake ruwa. Na haye kogin nan yana cike da damina, da homar kamun kifi a kaina. A ce yau a gaban 'ya'yan cikina na nutse a ruwan da agwagwa ke tsayawa? Kai ka iya ruwa?"

Na so in yi ƙarya, amma na ga ƙaryar da aka yi a makon nan ta isa. Na ce, "Ban iya ba, Baba."

Ya ce, "Gobe da hantsi ka same ni a mashayar kogi."

Kowa ya san abin da ake nufi, nima na sani. Mai gidan kallo ya ba ni shawara in tafi Jahun in yi sati. Baffana ya ce ba ruwansa. Na kwana ina juyi, da safe na sa tsohuwar riga na tafi.

Lokacin kaka ne, ruwa bai gama ja da baya ba, fadama duk a malale. Masunta sun fi talatin a bakin mashaya, wasu na gyaran taru, mafi yawa ba abin da suke gyarawa. Dattijo yana cikin kwalekwale, ya cire babbar riga, ya riƙe gorar tuƙi. Ya yi mini nuni da kai, na shiga na zauna a tsakiya na damƙe katako da hannu biyu. Ya tura mu muka yi ɗan nisa.

"Tashi tsaye," ya ce.

Na tashi.

"Wancan bos ɗin naka, ta wane gefe ya faɗa?"

Na ɗaga hannu zan nuna, sai kawai ya taka gefen jirgin da ƙafa ɗaya.

Duk abin da bos ya yi na yi, har na ɗara shi. Na daki ruwa, na sha, na yi salati, na kira sunan mahaifiyata. Ina jin dariya daga gaɓa kamar ana ɓarin kwanuka. Sai da ya bari kowa ya ƙoshi sannan ya miƙo gorar ya taɓa kafaɗata ya ce, "Miƙe tsaye, malam."

Na miƙe. Ruwan bai kai cibiyata ba.

A nan na fara ganin haƙoransa. Ya yi dariya har ya zauna a bakin jirgi yana share ido. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, da akwai zurfi da na koma ciki da kaina.

Da ya nutsu ya ce, a hankali yadda mutanen gaɓa ba za su ji ba, "Baffanninka sun zo sun yi mini talla, kowa ɗansa na kirki ne a bakinsa. Ni kuma ba na ba da 'yata a kan talla. Ka san ba ka iya ruwa ba, ka san abin da zan yi maka, ka zo ka shiga jirgin. To na ga abin da nake son gani. Ka ce su zo in an sauko daga masallaci."

Na buɗe baki zan yi godiya, ruwa ya fito maimakon magana. Ya kafa gorarsa ya juya kan jirgin zuwa gaɓa, ya bar ni tsaye cikin laka. Sai da ya ɗan yi gaba ya waiwayo.

"Amma 'ya'yanku ni zan koya musu ruwa. Kai ka tsaya a tudu da gwangwanin fentinka."