Hambali Ya Yaye Kwanon Gidansa

Yayana Hambali bai iya jira ba. Ko a gona shi ne mai fara binne tun ruwa bai sauka ba. Shekara ashirin yana kai gero da dawa daga Gammo ta ƙasar Kabo zuwa Gwarzo, da haka ya gina gida mai ɗaki biyu a can, ginin ƙasa, rufin kwano. Iyakar abin da ya mallaka ke nan. Ya zuba ɗan haya, wani tela mai suna Lukuman.

Da gyambon ƙafar Innarmu ya tsananta, likita ya ce kullum sai an kawo ta asibitin Gwarzo an wanke. Tafiyar babur kuwa, kafin a isa ta yi kuka har ta gaji. Hambali ya ce Lukuman ya tashi, Inna za ta shiga. Lukuman ya roƙi lokaci, wai damina ce, ina zai nufa da iyali.

Sai Hambali ya je wurin lauya. Lauya ya ce mai hayar shekara sai an ba shi takardar wata shida, in ya ƙi tashi sannan a tafi kotu. Ya kuma ja masa kunne kada ya taɓa ko ƙusa ɗaya a gidan. Hambali ya dawo yana huci.

"Gidana, uwata, amma wani mai kwat ya ce in jira wata shida?"

Na ce mu nemi dattawan unguwa su sa baki. Ina! Kamar da dutse nake magana. Ranar Laraba ya ɗauki kafinta suka yaye kwanon tas, Lukuman na tsaye da yaransa. A tsakiyar Agusta fa! Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Washegari da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Kwana biyu ana tafka ruwa. Bango ya sha ya ƙoshi, ya zauna, ya ja na ɗaki na biyu. Allah Ya tsare, Lukuman ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa shagonsa.

Muna tsaye a kan tulin laka Lukuman ya zo ya miƙa wa Hambali makulli.

"Ga shi, Malam. A kawo Inna."

Da muka koma Gammo mun tarar Inna ta sa an ɗaure mata kaya, tana zaune a bakin ƙofa. Ta tambayi Hambali yau ne za ta koma gidan ko gobe.