Ranar da Baba Davou ya shiga layi

Duk ɗan jihar Filato da ke zaune a Manchester ya san Baba Davou, ko da bai san sunan maƙwabcinsa ba. Mutumin Bukuru ne, gajere, ga sanƙo, ga tarin makullai rataye a ƙugu masu sanar da zuwansa tun daga nesa. Ya tsufa yana tuƙa bas ɗin haya daga Fallowfield zuwa Oxford Road, yana jigilar ɗaliban da ko sannu ba sa ce masa. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, ya ajiye ta a ƙofar gidansa a Gorton, ta zama motar ƙungiyarmu. Suna ne a Birmingham, jana'iza ce, bikin coci ne, shi zai kwashe mu. Idan lokacin salla ya yi a hanya, da kansa yake ratsewa ya ce, "Masu alwala ku sauka, mu ma mu miƙe ƙafa."

Ƙungiyar nan, iyayenmu ne suka kafa ta bayan rikicin Jos, Musulmi da Kirista, don kada 'ya'yan da aka haifa a Ingila su gaji gabar da ba su san tushenta ba. Baba Davou na cikin waɗanda suka kafa ta, amma bai taɓa zaɓen kowa ba. Ranar zaɓe yakan zauna a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. In an tsokane shi ya ce direba na kowa ne.

Bara ni Jamilatu na fito takarar sakatariyar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Kar ku tambaye ni abin da ya kai ni, baki ne da rashin haƙuri. Abokin karawata Ebenezer ne, akanta a Birmingham, kuma ƙanen Mama Lovelyn, matar Baba Davou. Wato dai surukinsa.

Mu zaɓenmu ƙato bayan ƙato ne, yadda aka saba a gida. 'Yan takara su fuskanci bango, jama'a su jeru a bayan wanda suke so. Aka taru a wani zaure a Birmingham, na juya wa mutane baya, ina jin takun ƙafafu da jan kujeru. Can sai zauren ya yi tsit. Na saci kallo ta gilashin taga. Innalillahi! Duk mai hijabi da hula yana bayana, duk 'yan coci suna bayan Ebenezer, ga fili fetal a tsakiya. Ba wanda ya shirya haka, kowa dai ya bi na kusa da shi. Amma na san in aka ƙirga a haka, ko wa ya ci, ƙungiya ta mutu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni na jawo.

Sai na ji ƙarar makullai. Cakal, cakal, daga bakin ƙofa, a hankali, har suka tsaya a bayana.

Mama Lovelyn ta ɗaga murya daga wancan layin: "Davou! Lafiyarka kuwa? Ga ƙanena nan!"

"Na gan shi," in ji Baba. "Ni da kaina na kwaso mutanen nan a cakuɗe. Yadda kuka tsaya a nan, haka za ku zauna mini a mota. Ni kuwa ban iya tuƙa mota mai katanga a tsakiya ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, saura suka kama. Hajiya Batulu, wadda ta girmi kowa a layina, ta gyara mayafi ta ce, "To tunda abin gaskiya ne, Jamilatu ki yi haƙuri, yaron nan ya fi ki nutsuwa." Ta taka ta koma bayan Ebenezer. Ka ji tsohuwa! Daga nan fa layuka suka wargaje, wasu suka zo, wasu suka tafi, kowa ya bi wanda yake ganin zai iya.

Na sha kaye, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ba zan ce ban ji haushi ba, na ji, har na ƙi cin shinkafar da aka raba. Na samu Baba a jikin motarsa na ce, "Baba, ai ka kashe ni. Da ka zauna da gyaɗarka da na ci."

Ya ce, "Da kin ci, 'yata. Sai ki yi wa su wa sakatariya?"

Sai hawaye suka zubo mini. Shi ma fa bai tsira ba, na ji labarin sai da ya kwana biyu yana cin burodi da shayi kafin Mama Lovelyn ta huce. Ebenezer kuwa yana riƙe da aikin yadda ya kamata, ko da yake ba na faɗa a gabansa.

Abin da ba zan manta ba shi ne komawarmu. Muka shiga mota, Baba ya zauna bai tayar ba, yana ta leƙen madubi. Hajiya Batulu ta zauna kusa da wani dattijon coci suna musu kan farashin doya. Mama Lovelyn, da fushinta da komai, ta janye jakarta daga kujera ta ce, "Zo nan, 'yar takara, zauna." Na zauna. Baba ya sake duba madubi, ya bi mu da ido layi-layi har kujerar baya. Sannan ya murɗa makulli.

Allah ya saka maka da alheri, Baba. Ƙuri'arka ɗaya tak a duniya, ni ka ba.